Daga CSI zuwa ɗakin likitan ƙwaƙwalwa: yadda ake nema wa mace maganin ciwon damuwa a Damagaram

A Damagaram da wuya ki ji mace ta zauna gaban majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin unguwa, ta ce baƙin ciki ya kawo ta. Abin da take faɗa shi ne kaina ke ciwo, gabana ke faɗuwa, jikina ya mutu, barci ya ƙaurace mini. Sai a soki yatsarta a nemi masassarar cizon sauro, a rubuta mata farasitamol da ƙwayoyin ƙarin jini, ta koma gida, bayan sati biyu ko uku ta dawo da kukan da ta zo da shi tun farko. Aikin jinya nake yi, kuma ni na raka ƙanwata neman maganin wannan ciwo bayan haihuwarta ta uku, a ƙarshen shekarar 2024, tun daga CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa, har ɗakin masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Ga yadda matakan suka biyo juna, da abin da ake tambaya a kowane wuri, da inda magani ya fi lalacewa.

Aikin farko a gida ake yin sa, wato a gane abin da ake gani. Yawancin masu jego sukan yi kuka ba dalili tsakanin kwana na uku da na biyar bayan haihuwa, ransu ya riƙa ɓaci da wuri. Wannan yakan wuce da kansa kafin sati biyu, ba ya bukatar ƙwaya. Ciwon damuwa kuwa ba ya wucewa haka. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke bi shi ne sati biyu cur ko fiye, kusan kullum, mace tana cikin ƙunci ko kuma duk abin da take jin daɗinsa a da ya fita ranta, har abin ya hana ta ayyukan da ta saba. Ƙanwata an yi arba'in an gama wankan jego, lokacin da ake sa ran mace ta murmure, ita kuma sai baya take yi. Ta bar kitso da lalle, ta daina fita barka ko gaisuwa, a kawo mata fura ta kurɓa sau biyu ta ture. Takan farka tun kafin kiran asalatu na farko ta kasa komawa, alhali jariri na barcinsa. Ta ɗora tukunya ta manta. Abin da ya fi duka nauyi shi ne maganar bakinta: "Yaya, yaran nan da wata ce uwarsu da sun fi jin daɗi." Mace ta fara ganin kanta a matsayin kaya ga iyalinta, to an wuce gajiyar reno. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce ciwon ya fi kama mata da kusan rabi a kan maza, kuma fiye da mace ɗaya cikin goma masu ciki ko sabbin haihuwa na fama da shi. Ba sai an haihu ba ma, yana kama budurwa, yana kama wadda aka yi wa kishiya, da mai takaba wadda baƙin cikinta ya ƙi sauka wata da watanni, da dattijuwar da jinin al'ada ya ɗauke mata.

Sai shawo kan mutanen gida, kuma nan ne mata da yawa ke maƙalewa, domin mace ba ta fita sai da izinin miji, kuɗin ma daga hannunsa za su fito. Uwar mijinta ta riga ta yanke cewa iska ce, an yi ruƙiyya, an sha rubutu, an turara hayaƙi. Kada ku shiga gardama da dattijuwa a kan wannan, ba za ku ci nasara ba, kuma babu bukata. Na durƙusa na gaishe ta na ce, "Hajiya, addu'a kada a fasa. Amma yarinyar nan ba ta ci, ba ta barci, ga goyo. A bari mu je a auna jininta." Ta ce, "In dai awon jini ne, ku je." Mijin kuwa na keɓe shi na gaya masa gaskiya duka, har da cewa wataƙila a tura mu sashen ƙwaƙwalwa. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, kada dai a ce matata ta haukace." Wannan tsoron shi ke hana zuwa, ba kuɗi ba. Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne jin cewa ba kwantar da ita za a yi ba, a duba ta ne ta dawo gida ran nan. Rubutu da addu'a ba sa karo da maganin asibiti. Abin da ke karo da shi shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da ƙwayoyin masu talla a faranti, musamman tramol da diyazefam da ake saya wai don a samu barci ko ƙarfin aiki.

Daren da za ku tafi, ku ɗauki takarda ku rubuta abu huɗu ko biyar: yaushe abin ya fara, awa nawa take barci, me take iya ci, wane aiki ne ta daina, da duk maganin da ta sha, na asibiti da na gargajiya. Ku haɗa da karne, wato littafin asibiti, na awon ciki da na rigakafin jariri, da kwalayen magungunan ko da babu komai a ciki. Mai wannan ciwo in ta zauna gaban baƙo sai ta ce "lafiya lau, da sauƙi", kunya da mutuwar jiki su rufe mata baki. Takardar ce za ta yi magana a madadinta.

A CSI ana son a isa da sassafe, kafin masu rigakafi da masu awon ciki su cika benci. Za ku yanki tikiti a wurin biyan kuɗi, a ba ku rasit, wanda bai da karne ya saya. Tun ranar 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin duba marasa lafiya da rabi a asibitocinta, don haka tikitin bai kai jika guda ba, wato sefa dubu ɗaya. Ana auna nauyi, zafin jiki da hawan jini, sannan a jira kira. Da muka shiga, majo ya tambaye ta abin da ke damunta, ta ce ciwon kai da faɗuwar gaba, hannunsa har ya kai kan kwalin gwajin masassara. Ba laifinsa ba ne, mutum hamsin na jiransa a waje, kuma yawancinsu masassarar ce. Sai na ce, "Majo, ya fi wata biyu ba ta barci, ba ta cin abinci, ta daina komai, tana cewa rayuwarta ba ta da amfani." Ya ajiye kwalin ya gyara zama. Jimlar da ke buɗe ƙofa ke nan: a faɗi tsawon lokaci, a faɗi abin da ta daina yi, a faɗi abin da take cewa game da kanta. Duk da haka an yi gwajin masassarar, kuma daidai ne a yi. Ya duba cikin idonta da tafin hannunta, ya latsa ƙafarta ya ga ko akwai kumburi, ya tambaya ko numfashi na yanke mata in ta kwanta. Wannan tambayar tana da muhimmanci a ƙasar Hausa, inda ciwon raunin zuciya bayan haihuwa ya yawaita, kuma likitoci sun daɗe suna danganta shi da yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Shi ma yana zuwa da kasala da bugun gaba, ga shi kuma maganin damuwa mafi samuwa a nan ba a ba wa mai ciwon zuciya. Daga ƙarshe ya rubuta mana takardar turawa zuwa babban asibiti. Ku karanta ta kafin ku fita, ko ku sa a karanta muku: a tabbata an rubuta sashen da aka tura ku, da kwanan wata, da sa hannu da hatimi. Wasu ma'aikatan CSI sun samu horo a kan littafin jagora na OMS mai suna mhGAP, wanda ya fito a 2010 aka sabunta shi a 2016, irin waɗannan suna iya fara magani da kansu in ciwon bai yi tsanani ba. Mai goyo ko mai ciki dai ya fi kyau ta ga gwani.

Awon jini shi ne abin da ya fi cin kuɗi da lokaci, kuma mutane na ganin ɓata kuɗi ne tunda ai ciwon a rai yake. Ba ɓata kuɗi ba ne. Ƙarancin jini shi kaɗai yana kawo jiri, kasala da faɗuwar gaba, kuma mace marar ciki in awon ƙarfin jininta ya gaza 12 ana lissafa ta cikin masu ƙarancin jini. Ciwon sukari yana kawo gajiya. Ƙullin maƙogwaro da ke kumbura ya zama maƙoƙo, in aikinsa ya ragu, musamman a watannin bayan haihuwa, yana kawo sanyin jiki, mantuwa da ƙunci waɗanda ba a bambanta su da ciwon damuwa sai da awo. Awon nan, TSH ake rubuta shi, ya fi sauran tsada, ba kowane labo ke yin sa ba, kuma sakamakonsa ba ya fitowa ran nan. In likita bai ga alamarsa ba yakan bar shi. Awon sukari da azumi ake zuwa, kada a karya kumallo. Ƙanwata an samu jininta ya ɗan yi ƙasa, aka ɗora ta a kan ƙwayoyin ƙarin jini na wata uku. A nan ne iyalai da yawa ke tsayawa, su ce alhamdulillahi an gano, ashe jini ne. Ƙarancin jini ba ya sa uwa ta ce ƴaƴanta sun fi dacewa da wata. Ana iya samun biyun a jiki ɗaya, kowanne da maganinsa.

A babban asibiti tsarin ɗaya ne amma komai ya fi girma: layin biyan kuɗi daban, wurin rajista daban, sashen ƙwaƙwalwa kuma sai an tambaya. Ku nuna takardar turawa tun a taga ta farko don a yanka muku tikitin da ya dace, in an yanka na wani sashe sai kun sake bin layi. Ku riƙe kamar jika goma zuwa goma sha biyar a ranar farko saboda tikiti, awo, magani da kuɗin adaidaita, ku zo da ƙananan kuɗi, da ruwan sha, da wadda za ta riƙe jariri. Zama a bencin jira shi ne wuri mafi wuya ga marar lafiya. Mutane ne daga Mirriya, Magarya, Matamai, Tanut da Gure, masu farfaɗiya, samarin da ƙwaya ta taɓa, wani yana surutai, wani ƴan'uwansa na rirriƙe da shi. Ƙanwata ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Yaya, mu tafi, ni ban kai nan ba." Ku shirya wa wannan tun a gida, ku gaya mata abin da za ta gani, ku gaya mata cewa ƙofa ɗaya ce amma ciwo iri-iri ne. In akwai inuwa a gefe, mai rakiya ta riƙe layi, ita ta zauna can har a kira sunanta. Wanda zai duba ku ba lallai ya kasance babban likitan ƙwaƙwalwa ba, domin ba su da yawa a Nijar gaba ɗaya. Galibin aikin yana hannun ma'aikatan jinya da suka yi karatu na musamman a wannan fanni, kuma sun san aikinsu.

Ganawar farko ta fi ta kowane sashe tsawo, ta kusa awa guda. Ba allura, ba na'ura, tambayoyi ne. Mai duba ta ya fara da ni, ya karɓi takardar da muka rubuta, sannan ya ce, "Hajiya, ki ɗan ba mu wuri." Ku fita ba tare da jin haushi ba, kuma miji ma ya fita. Akwai abin da mace ba ta faɗa gaban yayarta, balle gaban mijinta: duka, gori, tilastawa a shimfiɗa, tsoron saki, bashin adashi. Yana da takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, da Faransanci take, shi yake mayar da ita Hausa da baki. Kowace tambaya tana neman sanin kwana nawa cikin sati biyun da suka wuce abin ya same ta, maki daga 0 zuwa 3, jimla 27. Daga 10 zuwa sama ana ɗaukar abin da muhimmanci, daga 20 ya yi tsanani. Tambayoyi biyu ne suka fi ba iyali mamaki. Ta farko ita ce ko ta taɓa tunanin mutuwa ta fi mata, ko ta cutar da kanta ko jaririn. Mutane na jin tsoro wai tambayar za ta cusa mata tunanin. Ba ta cusawa, sauƙi ma take kawowa, domin yawanci mace ta daɗe tana ɗauke da shi ita kaɗai tana ganin ta zama kafira. Ta biyu ita ce ko an taɓa yin lokacin da ta yi kwanaki ba barci kuma ba gajiya, tana yawan magana, tana rabar da kaya, tana jin ta fi kowa. In an taɓa yi, ciwon wani iri ne mai hawa da sauka, kuma maganin damuwa shi kaɗai zai iya tayar da shi. Don haka in wani a dangi ya taɓa irin wannan, kada a ɓoye saboda sunan gida.

Ya mayar da ni ciki ya yi mana bayani tare. Nata ya kai matsayin da ake haɗa ƙwaya da zaman tattaunawa. Ga mai ƙaramin ciwo, tattaunawar da gyaran zaman gida sukan isa ba tare da ƙwaya ba. Magungunan da aka fi rubutawa a nan uku ne. Amitriptyline ya fi araha kuma ya fi samuwa, shi ne wanda ake sayarwa da sunan Laroxyl da tsada, ku nemi jenerik, wato marar sunan kamfani, magani ɗaya ne. Fluoxétine da safe ake shan sa, amma yana daɗewa a jiki, shi ya sa ake kauce masa ga mai shayar da ƙaramin jariri. Sertraline shi aka fi so ga mai goyo, sai dai ya fi tsada kuma ba kowane farmasi ke ajiye shi ba. Zaɓin na likita ne, amma ku gaya masa ƙarfin aljihunku a fili, domin maganin da za a saya wata ɗaya a kasa saye wata na biyu bai da amfani. An sa ta yi awon bugun zuciya, ya fito lafiya, aka ɗora ta a kan amitriptyline miligiram 25 da dare, a riƙa ƙarawa sannu a hankali bisa yadda jiki ya karɓa. Nono ba a yaye ba, kuma ba a ce a yaye ba. Ya ba da sharaɗi guda mai ƙarfi: ƙwayoyin kada su zauna a hannunta. Wannan magani in aka sha da yawa yana da haɗari ƙwarai, ga babba da yaro. Miji ya kulle su, ya riƙa ba ta na daren kawai ya ga ta haɗiye, kuma a fitar da fiya-fiya da maganin ɓera daga ɗakin.

Satin farko da na biyu su ne inda yawancin magani ke mutuwa, saboda wahalarsa tana riga amfaninsa zuwa. Baki ya bushe, bayan gida ya yi tauri, jiri in an miƙe da sauri, ga nauyin barci har hantsi. Ƙuncin kuwa yana nan daram, don maganin ba ya fara taɓa shi sai bayan sati biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida. Sai uwar miji ta ce kun gani, sun mayar da ita kamar gawa. Abin da ya taimaka shi ne a sha ƙwayar da wuri, bayan sallar isha'i, ba tsakar dare ba. A yawaita ruwa, a ci zogale da ganye, a zauna bakin gado kaɗan kafin a miƙe. Akwai kuma abin da ba kowa ke tunawa ba: uwar da magani ya nauyaya wa barci kada ta kwana da jariri a jikinta. Innarmu ta dawo ɗakin da tabarmarta, jariri na wurinta, in ya yi kuka ta tashe ta ta ba shi nono a zaune, sannan ta karɓe shi. Wannan ya ba ta barcin awa huɗu ko biyar a jere, abin da ba ta samu ba tun haihuwa. A lura da jaririn ma, in ya cika barci ko ya rage kama nono a koma a faɗa. Kuma a ƙara sa mata ido a daidai lokacin da ƙarfin jiki ya fara dawowa amma zuciya ba ta warware ba, saboda tsoron kada ta cutar da kanta.

Randebu na farko, wato ranar komawa ganin likita, bayan sati biyu ne, ba a sake neman takardar turawa, karne da tsohuwar takardar magani kawai. An ƙara mata yawan ƙwayar, sannan aka haɗa ta da mai ba da shawara, wata mace, kuma in kuna da zaɓi ku nemi mace. Mutane na zaton zaman nasiha ne, a ce mata ki yi haƙuri, ki gode wa Allah. Haƙuri ta ji shi har ta ƙoshi a gida. Wannan aiki ne mai tsari. A zaman da aka bar ni na zauna, matar ta ɗauko littafin makaranta mai arha ta ja layi, safe, rana, yamma, ta ce, "Ƙanwata, me kike yi da can da yake miki daɗi, ko ƙarami ne?" Shiru ya yi tsawo. Can ta ce tana dama fura ta sayar a ƙofar gida, kuma tana son zuwa islamiyya. Matar ba ta ce ta koma sana'a ba. Ta ce gobe da hantsi ki fito tsakar gida ki zauna minti goma inda rana ke taɓawa, jibi ki tsince gero tiya guda tare da Inna, ran Alhamis a kira mai kitso. Kowanne in an yi a sa alama, ba sai an iya rubutu ba, ɗigo ma ya isa. Dalilinsa shi ne mai wannan ciwo tana jiran sha'awa ta dawo kafin ta motsa, alhali motsin ke janyo sha'awar. Ta koya mata numfashi: a ja iska ta hanci ana ƙirga uku har ciki ya taso, a sake ta ana ƙirga uku, minti biyu ko fiye, safe da dare da duk lokacin da gaba ya faɗi. A zaman baya suka shiga tunanin kansa. In ta ce ni ba uwar kirki ba ce, sai a tambaye ta wa ya shayar da yaron yau, wa ya lura da zafin jikinsa shekaranjiya, a sa ta auna maganar da abin da ya faru a zahiri. Irin wannan zama yakan ɗauki biyar zuwa goma sha biyu, sati-sati ko bayan sati biyu.

An kira mijin shi kaɗai sau ɗaya, kuma a ganina wannan zaman ya yi aikin rabin kwalin magani. An gaya masa cewa ba raini ba ne, ba lalaci ba ne, ba kuma ƙinsa take yi ba in ta juya baya a shimfiɗa, ciwon da maganin duka suna rage sha'awa. An nemi ya sa a ɗauke mata ɗiban ruwa da girkin gidan gaba ɗaya na ɗan lokaci, ya bar ta ta riƙa zuwa gidansu, a kuma yi maganar tazarar haihuwa. Inda tushen abin dukan miji ne ko yunwa, ƙwaya ba ta isa ba. Ku nemi ofishin masu kula da jin daɗin jama'a na asibitin, su ne kuma ake gani in kuɗin magani ya gagara.

Wajen sati na shida barci ya daidaita, abinci ya fara shiga. Mutanen gida sukan riga marar lafiya ganin sauƙin. Cikin wata na uku ta koma islamiyya, kuma a nan tarko na biyu yake, kowa ya ce ta warke, a bar ƙwaya kada ta saba. Maganin damuwa ba irin tramol ba ne, ba ya sa mutum neman ƙari. Amma in aka yanke shi da zarar an ji sauƙi, ciwon yakan dawo, shi ya sa jagorar OMS ta ce a ci gaba wata tara zuwa goma sha biyu bayan alamomin sun tafi. Azumin 2025 ya same ta a kan magani. Tunda sau ɗaya ne da dare, bai karo da azumi ba, bushewar baki ce ta dame ta ga zafin watan Maris ga shayarwa, sai ta sha wasu kwanaki ta rama daga baya. Wanda nasa na safe ne, likita na iya mayar masa da shi lokacin sahur, amma a tambaya kafin wata ya kama. Wani abin kuma, kada a jira ƙwayar ƙarshe kafin a nemi sabo. Mun taɓa zagaya farmasi da dama ba a samu ba. In saura na sati guda, a fara nema.

Akwai halin da ba a bin wannan dogon layi ko kaɗan. Mai jegon da cikin kwanaki ko satuttukan farko ta rikice, tana jin muryoyi, tana cewa jaririn ba nata ba ne ko an musanya shi, ba ta barci dare da rana, wannan wani ciwo ne daban da ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu da suka haihu. Haka wadda ta faɗi yadda za ta kashe kanta, ko ta daina ci da sha gaba ɗaya. Irin waɗannan sashen gaggawa ake kai su a ranar, ko da dare ne, ba a barin su su kaɗai ko su kaɗai da jariri, ba a ɗaure su, ba a jira a gama kwanakin ruƙiyya. Masu zuwa daga ƙauye kuma su roƙi a rubuta musu takardar mayarwa zuwa CSI ko asibitin gundumarsu, a ci gaba da bibiya a can, a riƙa zuwa birni jefi-jefi. Kuɗin mota ya fi kuɗin ƙwaya yanke wa mutane magani. Kuma mai rakiya ta kasance mutum ɗaya daga farko har ƙarshe, wadda ta ji bayanin likita da kunnenta, don in yau yaya ce gobe kishiya jibi maƙwabciya, kowa da abin da zai faɗa a gida.

Da lokacin dainawa ya yi, ba a tsayar da shi dare ɗaya ba. An riƙa rage yawan ƙwayar mataki-mataki cikin fiye da wata guda, domin yankewa kwatsam na kawo tashin zuciya, ciwon kai, munanan mafarkai da rashin barci, har a zaci ciwon ne ya dawo. An zaɓi lokacin da babu biki, babu tafiya, babu yaye a gaba. A zama na ƙarshe an sa ta faɗi alamominta na farko da bakinta, farkawar tsakar dare da ƙin fita, aka ce in sun yi sati guda a jere ta dawo ba sai ta jira sun cika biyu ba. An rubuta sunan maganin da yawan da ya yi mata aiki a karnenta, aka ce duk ranar da ta samu wani ciki ta nuna wa ungozoma shafin tun awon farko, saboda wadda ta taɓa yi bayan haihuwa ta fi sauran mata haɗarin maimaitawa, kuma a lokacin za a fara bibiyarta tun kafin ta sauka.